CRLX101: Ƙwayar Da Ta Narkar Da Kamtotesin Amma Ba Ta Tsallake Gwajin Asibiti Ba

A watan Agusta na 2016 kamfanin Cerulean Pharma da ke garin Waltham a jihar Massachusetts ta Amurka ya fitar da sakamakon gwajin da ya ɗora kusan duk fatansa a kai. Masu ciwon dajin ƙoda da aka ba sabon maganinsa, CRLX101, haɗe da wani magani mai suna bevacizumab, sun samu matsakaicin wata 3.7 kafin cutar ta ci gaba da yaɗuwa. Waɗanda aka bari a kan magungunan da aka saba ba su kuwa sun samu wata 3.9. Hannun jarin kamfanin ya zube, aka sallami kusan rabin ma'aikata, kuma kafin shekara ta zagayo kamfanin ya sayar da maganin ya narke cikin wani kamfani da ba ruwansa da ciwon daji.

Magunguna da yawa suna faɗuwa a gwaji, ba sabon abu ba ne. Abin da ya sa wannan ya cancanci a zauna a kansa shi ne ƙwayar CRLX101, wani ɗan mitsitsin ƙwallo da ke ɗauke da maganin daji mai suna kamtotesin, ta yi duk aikin da aka ƙera ta don ta yi. An so ta narkar da maganin da ba ya narkewa, ta narkar. An so ta daɗe tana yawo a jini, ta daɗe. An so ta taru a cikin ƙari ta bar lafiyayyen nama, an kuma gan ta a can da ido ta madubin bincike. Duk da haka marasa lafiya ba su ƙara kwana ba.

Maganin da ya ƙi ruwa

Jikin mutum ruwa ne mafi yawansa, jini ma haka. Duk maganin da zai yi aiki sai ya narke tukuna, ko a hanji in haɗiya aka yi, ko a cikin kwalba kafin a zuba shi a jijiya. Ƙiyasin da masana harhaɗa magunguna suke yawan ambata shi ne kusan kashi 40 cikin ɗari na magungunan da ke kasuwa ba sa narkewa da kyau a ruwa, a cikin sababbin da ake ƙirƙira kuwa adadin ya fi haka nesa. Ma'aikatan asibitocinmu sun san matsalar ko da ba su kira ta da wannan suna ba. Allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani tana zuwa ne a gari, da 'yar kwalbar ruwan bakabonet a gefe, don sai da shi garin yake narkewa. Shi ma maganin haɗiya mai lumefantirin ana cewa a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo saboda dalili makamancin wannan.

Kamtotesin yana cikin mafiya taurin kai a wannan fanni. Monroe Wall da Mansukh Wani ne suka tace shi daga itacen Camptotheca acuminata na ƙasar Sin, a cibiyar Research Triangle Institute da ke North Carolina, suka wallafa tsarinsa a 1966. Su biyun ne kuma daga baya suka fito da tsarin taksol, wani maganin daji, a 1971. A jikin ɓeraye masu ciwon dajin jini kamtotesin ya nuna ƙarfi mai ban mamaki. Sai dai abin da ke narkewa a mililita ɗaya na ruwa bai wuce 'yan maikirogiram ba, wato ba abin da za a iya ɗurawa a jijiyar mutum.

Dabarar da aka yi a farkon shekarun 1970 ita ce mayar da shi gishirin sodiyam, wanda yake narkewa sarai. A nan aka yi tuntuɓe. A ƙarshen ginin kamtotesin akwai wani zobe da ake kira lakton, kuma sai zoben yana rufe maganin yake aiki. Mayar da shi gishiri buɗe zoben ne. Aka riƙa ba marasa lafiya nau'in da ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, dole aka ƙara yawansa. Ƙoda ta tace shi ta tura mafitsara, a can kuma fitsari mai tsami ya sake rufe zoben, maganin ya dawo da cikakken dafinsa a wurin da ba a bukatarsa. Mutane suka yi ta fitsarin jini, ga gudawa, ga ɓargo ya daina samar da ƙwayoyin jini yadda ya kamata. Aka dakatar da gwaji, aka jingine maganin fiye da shekara goma.

A 1985 ɗakin binciken Leroy Liu a Jami'ar Johns Hopkins ya gano inda kamtotesin yake kamawa. Akwai wani enzayim mai suna topo'aisomares na ɗaya da ke yanke igiya ɗaya ta DNA don ya warware murɗewarta, sannan ya sake ɗinke ta. Kamtotesin yana maƙale enzayim ɗin a daidai lokacin da yankan yake buɗe. In ƙwayar halitta ta zo kwafar DNA ɗinta don ta rabu biyu, sai injin kwafin ya yi karo da wurin da aka maƙale, igiyoyin biyu su tsinke, ƙwayar ta mutu. Wannan bayani yana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya: maganin yana kashe ƙwayar da ke cikin kwafi ne kawai, kuma ba duk ƙwayoyin ƙari ne suke kwafi a lokaci guda ba. Saboda haka daɗewar magani a wurin ta fi yawansa na ɗan lokaci amfani.

Bayan wannan bincike kamfanoni suka gyara ginin kamtotesin don ya narke, aka samu topotekan da irinotekan, waɗanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da su a 1996. Suna aiki, har yau ana amfani da su, amma zoben lakton yana nan yana buɗewa a jini. A jinin ɗan Adam ma abin ya fi muni, domin furotin ɗin albumin namu yana kama buɗaɗɗen nau'in kamtotesin da ƙarfi, yana jawo sauran su ma su buɗe. Albumin ɗin ɓera ba ya yin haka sosai. Tun daga nan ke nan ɓera ya fara ba da labarin da ya fi na mutum daɗi.

Zoben sukari daga sitaci

Saikulodestirin, zoben sukarin da aka gina CRLX101 da shi, ya girmi kamtotesin a littattafan kimiyya. Antoine Villiers ne ya fara ganinsa a Faransa a 1891, lokacin da ya bar wasu ƙwayoyin bakteriya suka ci sitacin dankali. Franz Schardinger a Biyana ya bambance nau'o'insa a farkon ƙarni na 20. Yau ana yin sa da yawa a masana'antu daga sitacin masara da dankali da rogo, ta amfani da enzayim da ke yanka sarƙar sitaci ya haɗa bakinta ta zama zobe. Mai gulukos shida shi ne alfa, mai bakwai bita, mai takwas gama.

Siffarsa kamar bokiti ne da aka cire wa gindi. Bayansa yana son ruwa, cikinsa kuma yana ƙin ruwa. Ƙwayar maganin da ke gudun ruwa sai ta cusa kanta a ramin, zoben ya ɗauke ta ya shiga ruwa da ita. Ba a ɗaure take ba, shiga da fita take yi. Jafan ce ta fara sayar da magani a wannan tsari a 1976, wani furostagilandin na kamfanin Ono. Bita, wanda girman raminsa ya fi dacewa da yawancin magunguna, shi kansa ba ya narkewa sosai, kimanin giram 18.5 a lita, kuma in an yi allurarsa yana lalata ƙoda. Sai aka riƙa maƙala masa wasu rassa don ya narke ya kuma rage illa. Da irin waɗannan gyararrun aka yi ruwan itirakonazol na sha mai suna Sporanox, da allurar borikonazol mai suna Vfend, da remdesibir da aka yi amfani da shi lokacin korona.

Wannan hanya tana da iyaka biyu. Ta farko yawan da ake bukata: kowane miligiram 10 na itirakonazol yana tafiya da miligiram 400 na saikulodestirin, kwalbar borikonazol mai miligiram 200 kuma tana ɗauke da miligiram 3,200. Ta biyu ta fi tsanani ga mai neman maganin daji. Da zarar an zuba haɗin a jijiya jini ya tsarma shi, maganin ya fice daga ramin cikin ƙanƙanin lokaci, zoben ya wuce ƙoda, maganin ya bazu ko'ina a jiki kamar yadda zai yi in babu zoben. Narkarwa ce kawai, ba rakiya ba. Ga maganin naman gwari wannan ya wadatar. Ga guba irin kamtotesin bai wadatar ba.

Abin da Mark Davis ya ƙera

Mark Davis injiniyan sinadarai ne, a lokacin yana jami'ar Caltech da ke Pasadena a Kalifoniya, kuma sunan da ya yi a fannin ziyolait ya yi shi, wato duwatsu masu ƙananan ramuka da ake amfani da su a matatun mai. A tsakiyar shekarun 1990 matarsa ta kamu da sankarar mama, aka yi mata kemo, wato jinya da magunguna masu kashe ƙwayoyin daji, mai tsanani a asibitin City of Hope. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa wahalar da ta sha ce ta sa ya karkata wani ɓangare na ɗakin bincikensa zuwa neman hanyar kai magani ga ƙari ba tare da an ragargaza sauran jiki ba. Mutumin da ya shafe shekaru yana nazarin ramuka masu girman ƙwayar sinadari, ba abin mamaki ba ne da ya waiwayi saikulodestirin.

Abin da shi da ɗalibansa suka yi, ciki har da Jianjun Cheng wanda ya jagoranci rubutun farko a 2003, ya bambanta da tsohuwar hanya. Sun jera zobban bita a doguwar sarƙa, zobe ɗaya sai guntun PEG, wani polima mai son ruwa, sai wani zoben, haka har ƙarshe. Sannan suka ɗaure kamtotesin a jikin sarƙar da ɗauri na sinadari, da gilaisin a tsakani, ƙaramin amino asid da jiki ya saba da shi. Inda suka zaɓa su ɗaura shi ne wurin da basirar take. Sun kama maganin ta kan kabon na 20, dab da zoben lakton, kuma muddin wannan wuri yana ɗaure zoben ba ya buɗewa da sauƙi. Matsalar da ta kayar da gwajin shekarun 1970 ta samu magani ke nan.

Ramukan ba su zauna banza ba. In aka sa sarƙoƙin a ruwa, kamtotesin da ke rataye a jikin wata sarƙa sai ya cusa kansa a ramin saikulodestirin na kusa, ko na sarƙarsa ko na maƙwabciya. Da haka 'yan sarƙoƙi kaɗan suke dunƙulewa da kansu su zama ƙwallo mai faɗin nanomita 20 zuwa 40. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, jar ƙwayar jini kuwa ta kai nanomita 7,000. Kusan kashi goma cikin ɗari na nauyin ƙwallon magani ne, kuma narkewar kamtotesin ta ninka kusan sau dubu.

Girman ma da lissafi aka zaɓe shi. Abin da bai kai nanomita goma ba ƙoda tana tace shi nan da nan. Abin da ya yi girma da yawa hanta da saifa suna kwashe shi, kuma ko ya isa ƙari ba ya kutsawa ciki. Ƙwallo mai nanomita 30 yana tsakani. Ɗaurin yana kwancewa a hankali, maganin yana fita kaɗan-kaɗan da zobensa a rufe. Da yake maganin ne ke riƙe da sarƙoƙin a dunƙule, in ya ƙare sai ƙwallon ya warware, kowace sarƙa ta koma ƙaramar da ƙoda za ta iya fitarwa. A ganina, ko wanda ba ya ganin alheri a maganin nano, wato magani da ake ɗorawa a kan ƙwayoyi masu girman nanomita, dole ya yarda wannan ƙira ce mai kyau. Abu guda yana aiki uku, babu ɓangaren da aka liƙa don ado.

Ta yaya ƙwallon zai san hanyar ƙari? Ba ya sani. An dogara ne da abin da Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda suka bayyana a Jafan a 1986: jijiyoyin jinin da ƙari yake ginawa cikin gaggawa suna da ɓaraka, manyan ƙwayoyi suna zurarewa ta nan su shiga, kuma da yake magudanan ruwan ƙari ba sa aiki da kyau, abin da ya shiga yana daɗewa. Lafiyayyar jijiya ba ta da irin wannan ɓaraka. Kusan duk fannin maganin daji na nano a kan wannan fahimta aka gina shi.

Daga ɓera zuwa mutum

Davis ya kafa kamfanin Insert Therapeutics a 2000, aka sa wa maganin suna IT-101. Rahoton da Thomas Schluep da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya nuna cewa a jikin ɓerayen da aka dasa wa ƙari na ɗan Adam iri-iri maganin ya fi irinotekan aiki, a wasu ma ƙarin ya ɓace gaba ɗaya. A wannan shekarar aka fara ba mutane a City of Hope, asibitin da labarin ya faro. Insert ya haɗe da Calando Pharmaceuticals a 2008, a 2009 kuma Cerulean ya karɓi maganin ya sauya masa suna zuwa CRLX101.

Gwajin farko ya ƙunshi mutum 62 masu ciwon daji iri daban-daban da ya riga ya yi nisa. Da ana ba da shi kowane mako tsohuwar matsalar mafitsara ta sake leƙowa, sai aka koma mako biyu-biyu tare da ƙarin ruwa, aka tsaya a kan miligiram 15 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. A wannan ma'auni illar ta zo da sauƙi in aka kwatanta da kemo na yau da kullum: raguwar fararen ƙwayoyin jini da gajiya su ne kan gaba. Maganin ya wuce yini guda kafin rabinsa ya bar jini. Sai dai akwai abin lura a rahoton da ya fito a 2013. Mafi kyawun abin da aka gani a yawancin waɗanda suka amfana shi ne cutar ta tsaya cik na wani lokaci. Ƙari bai riƙa narkewa kamar na ɓeraye ba.

Gwaji na gaba a kan dajin huhu aka yi shi, da mutum 157 a asibitocin Rasha da Yukuren, waɗanda kemo ya riga ya gaza a kansu. Wasu aka ba su CRLX101, wasu aka bar su a kan kulawar rage raɗaɗi kawai. A watan Maris na 2013 aka sanar cewa maganin bai tsawaita rai ba. Wannan sakamako ne mai nauyi, domin ba da wani magani aka gwada shi ba, da rashin magani aka gwada shi.

Kamfanin bai karaya ba, ya sauya hujja. Binciken ɗakin gwaji ya nuna cewa in kamtotesin ya daɗe a cikin ƙari yana danne wani furotin mai suna HIF-1 alfa, wanda ƙwayoyin daji suke dogara da shi in iskar oksijin ta yi musu ƙaranci. Magunguna irin bevacizumab suna toshe gina sababbin jijiyoyi, ƙari ya shaƙe, ya ƙara samar da HIF don ya tsira. To, in an haɗa biyun fa? Dajin ƙoda ya zama wurin gwaji saboda a yawancinsa HIF a kunne yake dare da rana, sakamakon lalacewar ƙwayar gado ta VHL. Wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Pennsylvania mai mutum 22 ya ba da sakamako mai faranta rai: ƙari ya ragu a kusan kashi 23 cikin ɗari, matsakaicin lokacin da cutar ta tsaya kuma wata 9.9. A cikin wannan yanayi na fata kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a watan Afrilu na 2014 ya tara kusan dala miliyan 60.

Babban gwajin ya ɗauki fiye da mutum ɗari da suka riga suka sha magani kala biyu ko uku, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wata 9.9 ta koma 3.7.

Ina aka rasa shi?

A shekarar da gwajin ƙoda ya faɗi, ɗakin binciken Davis da likitocin City of Hope suka wallafa wani aiki da ya sa tambayar ta ƙara wuya. Sun ɗebo nama daga ƙari da kuma daga lafiyayyen gefensa a jikin wasu 'yan marasa lafiya masu dajin tumbi da na bututun abinci, yini ɗaya zuwa biyu bayan allura. Kamtotesin yana ƙyalli a ƙarƙashin wani irin haske, don haka ana iya ganinsa. Aka gan shi a naman ƙari, ba a gan shi a lafiyayyen nama ba. Ba za a ce ƙwallon bai isa ba ke nan.

Isa daban, isa da yawan da zai yi kisa daban. A 2016 ɗin dai rukunin Warren Chan na Jami'ar Toronto ya tattara rahotannin shekara goma na gwajin dabbobi, ya gano cewa matsakaicin abin da ke isa ƙari daga ƙwayoyin nano da aka ɗura kashi 0.7 ne cikin ɗari. An yi ta gardama a kan wannan lissafi, kuma masu sukarsa suna da hujja, domin magungunan da ba na nano ba ma abin da ke isa ƙari kaɗan ne. Amma ya tilasta wa fannin duban abin da aka daɗe ana kauce wa. Ƙarin da aka dasa a ƙarƙashin fatar ɓera yana girma cikin makonni, jijiyoyinsa duk ɓaraka, kuma babba ne in aka kwatanta da jikin ɓeran. Na mutum shekaru yake ɗauka, yana da tauri, matsin ruwan cikinsa yana tura abubuwa waje, ɓarakar kuma ta bambanta daga mutum zuwa mutum, har daga wannan ƙari zuwa wancan a jiki ɗaya. A gwaje-gwajen CRLX101 babu wani awo da aka yi amfani da shi don a ware waɗanda jijiyoyin ƙarinsu ke zurarwa daga waɗanda nasu ba sa yi. An ba kowa, aka ɗauki matsakaici. In akwai 'yan tsiraru da suka amfana, sun nutse a cikin taron.

Ni dai na fi ɗora nauyin a kan zaɓin cutar. Dajin ƙoda sananne ne da ƙin jin kemo, dangin kamtotesin ba su taɓa yin suna a kansa ba. An shiga ne da hujjar HIF-1 alfa, alhali bayanai sun daɗe suna nuna cewa a dajin ƙoda mai fararen ƙwayoyi ɗan'uwansa HIF-2 alfa ne ke tuƙa cutar. Maganin da aka ƙera don HIF-2 alfa kai tsaye, belzutifan, ya samu amincewa a 2021. Akwai kuma tambayar da haɗin kansa ya haifar: bevacizumab yana rage ɓarakar jijiyoyin ƙari, ita kuwa ɓarakar ita ce ƙofar da ƙwallon yake shiga. Masana sun rabu a kan ko hakan yana taimakon ƙananan ƙwayoyi ko yana tare su, kuma gwajin ba a tsara shi don ya raba wannan gardama ba.

Sannan ga darasin ƙaramin gwaji marar abokin kwatance. Mutum 22 a asibiti ɗaya ko biyu, waɗanda likitoci suka zaɓa, suna iya ba da kowace irin lamba. Dajin ƙoda a wasu mutane tafiyar hawainiya yake yi ko ba magani. Sai an raba mutane da ƙuri'a ake sanin rabon magani da rabon sa'a. Ko da sakamakon ya zo da ɗan dama-dama ma, kasuwar ta riga ta sauya: nibolumab ya samu amincewa a kan dajin ƙoda a ƙarshen 2015, kabozantinib kuma a 2016, duka biyun da shaidar tsawaita rai.

Kada a ɗauka dangin kamtotesin ne suka gaza. Onivyde, irinotekan da aka naɗe a ƙwallon kitse, ya samu amincewa a kan dajin fankiriyas a 2015. Enhertu a 2019 da Trodelvy a 2020 duka jikokin kamtotesin suke ɗauke da su, kuma sun sauya yadda ake jinyar wasu nau'o'in sankarar mama. Su ba ɓaraka kaɗai suka dogara da ita ba, an ɗaure gubar ne a jikin furotin ɗin garkuwa mai neman wata alama a fatar ƙwayar daji. A wajen Enhertu ana auna alamar HER2 a naman majiyyaci kafin a ba shi. Ra'ayin Davis na ɗaure gubar a sake ta a hankali a inda ake so bai kuskure ba, wasu ne suka samo abin rakiyar da ya fi sanin hanya. Shi ma ya gwada sa alamar nema a wani ƙwallon saikulodestirin, CALAA-01, wanda ya ɗauki guntun RNA, kuma rahotonsa na 2010 a mujallar Nature ya nuna a karon farko cewa irin wannan ƙwallo yana iya kashe aikin wata ƙwayar gado a ƙarin ɗan Adam ta allurar jijiya. Shi ma bai wuce matakin farko na gwaji ba.

A 2017 Cerulean ya sayar da CRLX101 da ƙaninsa CRLX301, mai ɗauke da dosetaksel, ga wani reshen kamfanin NewLink Genetics a kan dala miliyan 1.5. Fasahar ƙera ƙwallon kuwa Novartis ya saye ta a kan dala miliyan 6, abin da ya rage na kamfanin ya haɗe da Daré Bioscience mai harkar lafiyar mata. Maganin ya koma NLG207, daga baya kamfanin Ellipses Pharma na Landan ya karɓe shi ya kira shi EP0057, suna na huɗu ke nan. Cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasar Amurka ta gwada shi tare da olaparib, maganin da ke hana ƙwayar daji gyara DNA ɗin da ya tsinke. An daɗe ana son haɗa irin waɗannan biyun, amma da topotekan ko irinotekan ɓargo ba ya jurewa sai an rage ma'auni ƙwarai. Dabarar da aka bi a wannan karon ita ce a ɗura ƙwallon, a dakata kwana biyu har yawansa ya ragu a jini da ɓargo alhali yana nan a cikin ƙari, sannan a fara olaparib. An kai gwajin ga masu dajin huhu mai ƙananan ƙwayoyi da wasu cututtukan da tun asali aka san dangin kamtotesin suna taɓa su.